Takwarar Gwaggo

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗora min ƙarya a baki ya aike ni da ita wurin matar da ta rene mu. Na kai mata, ta karɓa hannu bibbiyu, ta riƙe ta shekara shida. Ni kuwa ban san abin da na kai ba sai da muka kwana uku da rufe ta. Abin da aka yi min ke nan. Na fara da shi ne don kada wani ya karanta sauran ya zaci mai haƙuri ne ya rubuta.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Ta rasu wata Talata da hantsi, ana tsakiyar saran rake, bayan jinyar kwana tara. Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. An zo daga Gubuci, an zo daga Malikanci inda ta yi aurenta na fari, har daga Kudan inda ta yi na ƙarshe an ciko mota guda. Duk wanda ya sauko magana ɗaya ce: "Ashe Gwaggo lokaci ya yi." Liman da furfurarsa da komai, Gwaggo ya ce. Tsohon da ke sayar da mazarƙwaila a bakin titi, wanda ba mu haɗa ko kaka da shi ba, shi ma Gwaggo ya ce.

Ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa, ina jin yadda addu'a ke maƙale wa mutane a wuya. Kowa ya saba, in ya ce Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, sai ya ɗora da Allah ya albarkaci abin da ta bari. To a nan ne sai ka ga mutum ya yi tari ya gyara hula. Gwaggo aure uku ta yi, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Wasu don su cike gurbin sai su ce, "Ai ta fi masu goma." Na tsani maganar nan, don ba a faɗa wa mai goman. Can sai wani dattijo daga Malikanci ya fitar da kowa kunya, ya ce, "Ai akwai takwara a Zariya, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ni da bakina. Daga nan kowa ya sami abin kamawa, aka dinga Allah ya raya takwara, ina cewa amin, ƙanena yana gefena cikin farar shadda shi ma yana cewa amin.

Da aka dawo daga maƙabarta, malamin firamaren garinmu ya zaro waya zai rubuta sanarwa don na nesa su gani. Ya tambayi na kusa da shi sunan marigayiya. Mutumin ya ce Gwaggo. Malam ya ce a'a, na yanka. Ya tambayi mutum huɗu, duk magidanta, ba wanda ya sani. Ya zo gabana ya tsuguna. Na sani mana. Amma shekarata arba'in da tara ban taɓa furta shi a fili ba, kuma ba ranar da aka rufe ta zan fara ba. Na ce ya rubuta Gwaggo, duk wanda ya san ta zai gane. A nan ma ba zan rubuta shi ba.

Haka abin yake a wurinmu. Mutum in ya girma sunansa ɓuya yake yi. 'Ya'ya ba sa faɗa, ƙanne ba sa faɗa, surukai ko mai irin sunan suka gamu da shi sai sun kauce. Sa'o'inka da ke kiranka gatsau suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ran da na ƙarshe ya tafi sunan ya bi shi, sai fa in an mayar da shi kan jariri. Mai 'ya'ya ba ya damuwa, ko ba daɗe wani jika zai ɗauka. Wanda bai haifa ba kuwa sai dai ya zuba ido, don ba a roƙon takwara.

Ina ɗan shekara takwas mahaifinmu ya rasu, innarmu tana da ciki wata shida. Gwaggo ta baro Kudan ta zo zaman makoki, ba ta koma ba. Mijin ya aiko sau biyu, na uku ya aiko da takarda. Da aka sauka namiji ne, ba a tsaya wata shawara ba aka mayar masa da sunan mahaifinmu. Innarmu ta yaye shi ta yi aure can wajen Ikara, ba ta cika shekara biyu ba ita ma ta rasu. Muka zama na Gwaggo.

Tun ranar suna ta kafa doka: yaron nan Baba ne. Ni da na goya shi, ni da na wanke masa kashi, Baba nake ce masa. In an yanka kaza cinya ta Baba ce. In ya yi ɓarna ba a dukansa, sai dai a ce, "Haba Baba, da girmanka." Ni kuwa Nomau ta sa min, don ana noman fari aka haife ni.

Sau ɗaya na taɓa marinsa. Ya kwance akuyar maƙwabta ta faɗa gonar barkonon mutane, aka zo aka kama ni, ni aka zane. Na dawo gida na tarar da shi yana shan rake hankali kwance, na sharara masa mari. Gwaggo tana tankaɗe. Ba ta nemi bulala ba. Ta ajiye rariya ta dube ni ta ce, "Ka mari ubanka. To madalla." Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, tuwo sai dai in tarar an ajiye min a bakin ƙofa. Sai da na durƙusa na ba yaro ɗan shekara shida haƙuri, yana tsotsar rake yana kallona.

Ina aji biyu a sakandare a Maƙarfi ta ce in dawo gida haka nan, gona ba ta jiran a tashi daga makaranta. Lokacin aka sa Baba a firamare. Na ce don me sai ni, ga shi malamai suna yabona. Ta ce, "To wa za a ba fartanya, Nomau ko Baba?" Iyakar amsarta ke nan. Suna linzami, in ji ta, kuma ita ta riƙe nawa ta ja. Ban zauna rubutun nan don in wanke ta ba. A wannan ta zalunce ni, na faɗa mata tana da rai, ta ce ta ji. Rake na noma, na sara, na dafa, har Baba ya gama jami'a ya sami ofis a Zariya. Abin da ya rage min na boko shi ne wannan da kuke gani.

Amma wanda ya san ta ta nan kawai bai san ta ba. A garinmu liman ke raɗa suna, Gwaggo ke sa wanda za a kira. Ba haihuwar da za a yi ba a aika mata ba. Ta zauna a gefen mai jego, ta dubi jariri, ta tambayi me aka haifa kafinsa, wace rana ce, me ake yi a gona, sai ka ji ta ce Tanko, ko Kande, ko Anaruwa, ko Gambo, shi ke nan ya zauna har mutum ya yi furfura. Takan ce sunan yanka na Allah da Annabi ne, na kira kuwa labarin gida ne, wanda ya ji shi ya san abin da ya sami uwar yaro. Ba ta san kalanda ba, da mutane take lissafin shekaru. In ka tambaye ta yaushe aka gina masallacin Juma'a, sai ta ce shekarar da aka yaye Shekarau na gidan maƙera. In ka bincika haka ne.

Akwai wani mai gyaran keke da matarsa ta rasu kwana biyu da haihuwa. Tun kafin suna mata suka fara ce wa jaririn Talle, kamar yadda ake ce wa wanda uwa ta mutu ta bari a tsumma. Gwaggo ta shiga gidan, ina biye da ita da ƙwaryar koko. Ta ce, "Wa ya ce Talle?"

Kakar yaron ta ce, "To me za a ce? Ba marayan ba ne?"

"Maraya ne, zai sani, ba sai an tashe shi da shi kullum safiya ba. Duk wanda zai aike shi ɗebo ruwa sai ya tono masa uwa? Wada ne sunansa."

Kakar ba ta da daɗin baki. Ta ce, "Ikon Allah. Wadda ba ta haifa ba ita ke raba wa 'ya'yan mutane suna."

Gwaggo ta karɓi ƙwaryar a hannuna ta ajiye, muka fito. Amma washegari ta koma, da jibi, da gata, kullum da madarar akuyarta a ɗan kwano, kuma tun daga zaure take ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Ina Wada? Wada ya tashi?" Kafin a yi arba'in kakar da kanta Wada take cewa. Yau babbar mota yake ja, yana kai tumatir kudu. Labarin rasuwar a hanya ya same shi, bai sami jana'iza ba, ya wuce maƙabarta ya zauna a ƙasa yana kuka ba ya ko rufe fuska. Ya ce min sai da ya yi aure ya ji cewa da Talle za a ce masa. Na ba shi haƙuri, amma a raina na ce ka ji, wani ta cire masa linzami, ni ta ɗaura min.

Ranar da kakar ta gaya mata waccan magana, ba ta ci tuwon rana ba. Ta zauna a gindin rumbu tana tsinkar zogale, ganye ɗaya ɗaya, kamar mai ƙirga shi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gaskiya ta faɗa. Ina ta raba wa mutane, nawa ban da inda zan ajiye shi." Ban taɓa jin ta yi zancen ba kafin nan, ban kuma sake ji ba.

Shi ya sa da na yi aure aka haifa min mace, ban nemi shawarar kowa ba. Na sa mata sunan. Wata goma Gwaggo ta yi tana goyon takwararta, har uwar tana ƙorafin ba a ba ta 'yarta sai in za ta sha nono. Sai ƙyanda ta shigo gari. Gwaggo ce ta yi mata wanka da hannunta, ta naɗe ta, ta miƙo min. Bayan nan maza huɗu Allah ya ba ni a jere, a na huɗun aka yi wa matata aiki, likita ya ce haihuwa ta ƙare. Ido ya koma kan Baba.

Ba wanda ya tilasta shi. Ranar da ya kawo amaryarsa gaisuwa, suna durƙushe a ɗakin Gwaggo, ina tsaye a bakin ƙofa, shi da kansa ya ce, "Gwaggo, in Allah ya ba mu mace, ke ce." Ta yi kamar ba ta ji ba, ta hau faɗa wai an bar kaji suna shiga mata ɗaki. Amma ranar kasuwar Maƙarfi ta aike ni in sayo mata ɗan rago. Ba ta ce na mene ne ba, ba wanda ya tambaya. Ta ɗaure shi a bayan ɗakinta, dusa da kanwa da harawa, ruwan ma sai ta taɓa ta ji bai yi sanyi da yawa ba. Aka haifi namiji. Ta sa na sayar da ragon na sayo wani ƙarami. Aka sake haifar namiji, ta sake. Na ukun fari ne mai baƙin kunne, ya shekara biyu a hannunta, ya zama in ta fita unguwa sai ya yi ta kuka har ta dawo.

Sai ga waya daga Zariya, an sami mace.

Baba ya ce min ƙarfe tara za a yi suna, mutanen birni ba sa sammako. Na yi sallar asuba na ɗora ragon a bayan a-kori-kura, na zauna tare da shi ina riƙe da igiya, Gwaggo tana tsaye a ƙofar gida. Kafin takwas na isa. Na tarar ana naɗe tabarmi, ƙasa duk ƙwallon dabino da ledar alewa. Baba ya taro ni da sauri ya ce liman ne ke da tafiya, dole aka yi da wuri. Na ce to, wa aka samu? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo ce ta dawo, Yaya."

Ni na riƙe ƙafafun ragon na baya. Mai yanka ya gyara wuƙa ya tambayi sunan yarinya. Baba ya duƙa ya raɗa masa a kunne. Wallahi a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina, duk bokon nan bai cire wa yaron nan kunya ba, ya kasa faɗin sunan Gwaggo a fili. A cikin gida na ji mata suna ta Ummi, Ummi, wannan ma daidai ne, haka ake sakaya sunan manya. Da rana manyan motoci suka zo, aka shigo da wata hajiya mai haƙorin Makka, kowa yana zubewa yana gaishe ta, aka ɗora mata jaririyar a cinya ana ta ɗaukar hoto. Na gani da idona. Ban kawo komai a raina ba. Ina can ina taya masu fiɗa.

Da la'asar na iso gida da cinyar ragon da goro. Gwaggo tana gyaran wake a faifai. Na durƙusa na ce, "An yi suna lafiya. An mayar."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ji da kunnenka?"

Nan ne wurin da nake komawa kullum. Da na ce mata ban sami raɗin suna ba, Baba ne ya faɗa min, da na fita. Amma na ga hannunta ya tsaya cik a cikin waken. Na ce, "Na ji. Ni na riƙe ragon."

Ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ɗaki. Jim kaɗan ta fito da kwalli a ido, da zanen da ke ƙasan adakarta, wanda ban taɓa ganin ta ɗaura ba sai da Sallah. Ta bi gari gida gida wai gaisuwa take yi. Ba ta faɗa wa kowa komai ba, kowa kuma ya yi mata barka.

Shekara shida. Murjanin da ta gada wurin uwarta ta ba ni na kai Zariya. Gyaɗar fari in an cire, ta takwara ce. Mazarƙwailar da ta fi kyau, ta takwara ce. Matar da ke cewa waya kayan aljanu ne, ita ce ke tare ni in na dawo gona: "Nomau, kira min Zariya." In an ba yarinyar sai ta riƙe wayar da hannu biyu tana ihu kamar mai kiran wani a hayin rafi: "Takwara! Kin ci abinci? Kar ki yarda su raina mu fa!" Sau ɗaya a shekara suke zuwa, da Babbar Sallah, su wuni su koma. Ita da ta sa wa rabin gari sunan kira, wannan ba ta sa mata ba. Mata suka tambaye ta, ta ce wannan tana da suna.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a an raba waina, sai ga taubashiyarta daga Kurmin Kogi, 'yar kawunta. Tsohuwa ce tukuf, da sanda, ido ya kusa tafiya. A duniya ita kaɗai ta rage da ke kiran Gwaggo da sunanta, don tsakaninsu wasa ne tun suna 'yan mata. Aka kira ni ciki in gaishe ta. Tun daga zaure ta fara rangaɗa sunan, sau uku, da ƙarfi. Na manta rabon da in ji shi a tsakar gidan nan. Ta ce, "Matsoraciya! Ɗan zazzaɓin kwana tara ne ya kayar da ke? Ni da nake jan ƙafa shekara goma ga ni! Fito ki ba ni ruwa, marowaciya!" Mata suna hawaye suna dariya.

Aka zaunar da ita. Ta ce, "Ina takwarar? Ku kawo min ita in huce a kanta, tunda babbar ta gudu."

Aka turo yarinyar, da murjanin a wuyanta. Tsohuwa ta shafa fuskarta, ta kama hancin ta ja, ta kira ta da sunan. "Ke ce? Da wannan ɗan hancin kamar na mage? Ai waccan ma haka nata yake, mummuna."

Yarinyar ta ce, "Ni ba sunana ke nan ba."

"Au. To wane ne?"

Ta miƙe tsaye ta sa hannuwa a gefe, yadda aka koya musu a makaranta, ta faɗi wani suna, ta haɗa da na ubanta. Sunan farkon babu shi a danginmu, gaba da baya. Uwarta ta taso daga cikin mata: "Ummi, zo nan!" Tsohuwa ba ta saki hannun ba. Ta ce, "Sake faɗa, 'yar nan, kunnena ya yi nauyi." Ta sake faɗa, ta ƙara da cewa, "Irin na Hajiya babba ne, maman ogan Abbanmu. Ita ke ba ni alewa."

Tsohuwa ta saki hannun a hankali ta ce, "To. Allah ya raya." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kukan da ta yi daga nan ba na wasa ba ne.

Yarinyar ba ta da laifi, ban kuma taɓa ɗora mata ba. An tambaye ta sunanta ta faɗa. A gidan kaf ita kaɗai ce ba ta ɓoye komai ba.

Da yamma matata ta same ni a bayan gida, wurin turken da ba rago. Ta ce akwai abin da ta gani da Sallar bara ba ta faɗa min ba, don ba ta gane shi ba sai yau. Ta hango Gwaggo da yarinyar su biyu a gindin rumbu. Gwaggo ta duƙa ta tambaye ta wani abu, yarinyar ta ba da amsa, ita matata ba ta ji me aka ce ba. Gwaggo ta daɗe zaune. Sannan ta gyara wa yarinyar murjanin a wuya, ta cika mata hannu da gyaɗa, ta ce je ki wasa. Da matata ta faɗi haka sai na tuna, tun daga Sallar nan Gwaggo ba ta sake cewa in kira mata Zariya ba. Na ɗauka tsufa ne. Na kuma tuna cikin jinyarta, ina ba ta kunu a cokali, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Nomau, kai dai ba ka taɓa yi min ƙarya ba." Na ce haka ne, Gwaggo, sha. Har yau ban san ko shaida ta ba ni ba ko tambayata ta yi. Ban san ko ta tafi tana murna da abin da babu ba, ko ta gane ta haɗiye ta rufa mana asiri, tana zaton da ni aka haɗa baki. Wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa.

Kawunmu, ƙanen innarmu, ya kira ni gefe ya ce a bar maganar, mai rai ya fi matacce, zumunci ya fi suna, kuma ai ina da 'ya'ya maza, wata rana za su haifi mata in sa. Na ce na ji, Kawu. Za su haifa in Allah ya so, amma a cinyar wa za a ɗora? Shi jikoki uku ke ɗauke da sunansa, yana da bakin cewa suna ne kawai.

Washegari da hantsi Baba yana sa kaya a mota, har da buhun masarar da na saba ba shi duk zuwa. Maza suna zaune a ƙofar gida, sauran 'yan zaman makoki. Ya matso ya ce, "Yaya, mu ɗan shiga zaure." Na ce faɗi a nan, a nan ka amsa amin.

Ya rage murya. Ya ce ogan nan ubangidansa ne, shi ya tsaya masa ya sami kujerar da yake kai, kuma tun ana asibiti ya faɗa a gaban jama'a cewa uwarsa ta sami takwara, to ya zai yi? Ya ce ya yi niyyar gaya min ranar, da ya ga na sauko da ragon sai ya kasa. Wannan na yarda da shi, don idonsa ya kawo ruwa da ya faɗa. Da ya tsaya nan, wataƙila da ni ma na tsaya. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma Yaya, ai ta ji daɗi. Shekara shida tana murna. Me ta rasa? Yanzu ma maman Ummi tana da ciki, in mace ce wallahi ita ce. Ko kuma in je makaranta a ƙara wa Ummi sunan a takarda, ba wuya."

Na miƙe tsaye. Na ce masa, yadda kowa zai ji:

"Ba ka da wannan sunan. Ta kiwata maka rago uku, ka yanka na ƙarshe a kan uwar wani, ka sa na riƙe ƙafa. Ko mata goma ka haifa kada ka kuskura ka sa shi, a kunne ko a takarda. Kai fa ba abin da ka ci a duniya sai suna. Da shi ka ci cinyar kaza, da shi ka yi boko ni na yi rake, da shi na durƙusa maka kana shan majina. Ka fi kowa sanin abin da ka hana ta. Ba zan zage ka ba, don in na zage ka ubana na zaga. Shekara arba'in da ɗaya ina kiranka yadda ta ce in kira ka. To buɗe kunne ka ji na ƙarshe, don daga yau ba za ka sake jin sa a bakina ba. Baba, sauke min buhuna ka bar min ƙofar gida."